Rigar da Iska Ba Ta Kaɗa Ba

Dab da magariba muka ɗauko wani direba da motarsa ta kife a daji. Ni ke tuƙa helikwaftan, Sista mai jinya tana baya tana danne masa rauni. Ƙarnin jini da warin mai sun cika jirgin.

"Matuƙi, yi sauri," ta ce a na'urar kunnena. "Jininsa na ƙarewa."

Saukar helikwafta ba ta son gaggawa. Ka fuskanci iska, ka rage gudu, ka sassauta sandar hagu mai ɗaga jirgin kaɗan-kaɗan, ƙafafunka a kan feda kada wutsiya ta juya. Daga nan sai ka bi hannun mai yi maka jagora a ƙasa. Haka aka koya mana, ba a musu da shi.

Mai jagoran yana nan kuwa a filin asibitin, cikin doguwar riga fara, yana yafito ni. Amma ba a kan da'irar simintin da ake sauka yake ba, can gefe yake cikin ciyayi. Na ce ƙila gyara ake yi. Na bi shi.

Iskar farfela ta kwantar da ciyawa. Ganyaye da ledoji suna ta tashi.

Rigarsa ko motsi ba ta yi.

Na ja sandar hagu zan ɗaga, na ji ta yi nauyi, kamar an dafa hannuna. Sanyi ƙalau.

Direban da tun daji bai farfaɗo ba ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kada ka sauka. Ni ya zo ɗauka."

Innalillahi! Na finciki sandar da dukkan ƙarfina. Injin ya yi kuka, jirgin ya yi tangal-tangal, muka tashi. Sai a lokacin na ga bakin tsohuwar rijiya daidai inda zan ajiye mu.

"Zagayen nan zai kashe shi!" Sista tana kuka.

Na sani. Na zagaya, na sauka a kan simintin. Babu kowa a cikin ciyayin.

Aka fito da direban, farfela tana juyawa, mayafin Sista yana ta fal-fal. Na kalli rigarsa a kan gadon tura marasa lafiya. Ba ta motsi.

Bai kai ƙofar asibitin ba.

Har yau ina tuƙi. Amma ban ƙara waiwayar mara lafiya in ana fitar da shi ba. Wallahi tsoro nake ji.