Batura Huɗu a Kan Fa

Mun bar gari ana kiran sallar farko, ni da taubashina Tanimu mai hoto. Na rataya barandami da gorar ruwa. Bindigata adaka kuwa na bar ta a jingine bayan ƙyaure, don wannan fitar ba ta kisa ba ce.

Ga abin da ya fitar da ni. Sau uku ina ganin gwanki mai karyayyen ƙaho a dajin Tudun Kargo, sau uku ina faɗa a majalisar maharba ana yi mini dariya. Sarkin maharbanmu, Barau, cewa ya yi gwanki ya ƙare a dajin nan tun zamanin iyayenmu. Ya ƙara da cewa idona ne ya tsufa, na fara ganin jaki da ƙaho. Shekara arba'in ina bin sawu, a ce yau idona ba abin yarda ba ne. Maganar ta ci mini rai ƙwarai.

Tun a hanya Tanimu ya dame ni da kirarin baturansa masu caji. Wai saye ɗaya ake yi musu, hoto ɗari-ɗari suke ɗauka, in sun ƙare a sa musu wuta su dawo sababbi. Da ya ga na zuba batura huɗu na rediyona a aljihu, irin waɗanda in sun mutu sai a yar, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Jatau, waɗannan ai ko kyamarar ba za su tayar ba."

"A daji ba a raina guzuri," na ce masa.

Muka ratsa gonaki, muka shiga itatuwan marke da taura, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. Fakara ta tashi fir a gabanmu, Tanimu ya ɗauki hotonta. Birai a kan kanya, ya ɗauka. Hatta wani ƙadangare mai jan kai bai tsira ba. Kowane hoto sai ya tsaya ya kalla, ya nuna mini, ya yaba wa kansa. Ni dai idona yana ƙasa.

Da hantsi na samu sawun a bakin wani rafi, kofato mai faɗi, ya nutse cikin laka, gefensa bai bushe ba. Gaba kaɗan ga kashinsa da ɗumi, ga inda ya goga wuya a jikin ƙirya ya bar gashi ja. Na san inda zai sha ruwa da la'asar, wani tafki a gindin fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Muka kewaya ta inda iska ba za ta kai masa warinmu ba, muka kwanta a bayan dutse.

Nan ne kyamara ta nuna ja, ta mutu. Na dubi Tanimu, ya sunkuyar da kai. Ashe tun bikin 'yar maƙwabcinsa ya yi musu caji, wata biyu ke nan suna kwance a akwati suna zubar da ƙarfi, ragowar kuma hotunan birai sun cinye. To, ina wuta a Tudun Kargo?

Ya karɓi nawa ba ko tsokana. Kyamarar ta buɗe ido, ta rufe. Ya ce shi ke nan, mu koma. Ni kuwa na yi abin da nake yi wa rediyo tun ina saurayi. Na jera baturan a kan fa mai zafi, ina juya su kamar ana shanya kuɓewa. Tanimu ya ce wannan camfin 'yan ƙauye ne. Na ce ya bar su a nan, kada ya mayar sai dabbar ta iso.

La'asar ta yi sakaliya, tsuntsaye suka yi tsit. Sai na ji tsinke ya karye. Gwankin ya fito daga cikin gamba a hankali, ƙato, fuska baƙi da fari, ƙahon hagu gundul. Ya tsaya yana kaɗa dogayen kunnuwansa. Ƙirjina ya cika da daɗi, har na manta da Barau.

Tanimu ya zura baturan. Ƙyas, sau ɗaya. Gwanki ya yi huci, ya juya, ƙasa ta amsa sukuwarsa. Kyamara ta mutu kafin mu ga abin da ta kama.

Haka muka dawo, ba mu san ko da hoto muke tafe ko da iska ba. Na ce masa nasa sun fi ƙarfi, ba musu, amma nawa ba sa neman wuta. Ya ce daga yau kowanne zai riƙa ɗauka.

Washegari ya yi caji a shagonsa, ya kawo kyamarar majalisa bai kunna ba. A hannun Barau aka kunna ta. Aka wuce fakara, aka wuce birai, aka wuce ƙadangare. Sai Barau ya tsaya a kan hoton ƙarshe. Ya kai kyamarar kusa da fuska, ya nesanta, ya murza ido.

"Ban gani sosai ba," ya ce a hankali. "Jatau, matso ka duba mini, wane ƙahon ne ya karye?"