Fuskar Baba a Bango

Taufiq ya fara ganin Riskuwa ne tana yaga aikinsa. A bakin tashar Argungu ta sa farce tana ɓare fastar siyasa daga bangon wani shago, a hankali, kamar mai ɓare albasa.

Shi ya tsara fastar a shagonsa na buga takardu da ke Gesse, a Birnin Kebbi. Fuskar wani dattijo masunci ce, tsagar Kabawa jere a kumatunsa, a ƙasa an rubuta "Kabawa Sun Yarda". Ɗan takarar kansa ɗan ƙaramin wuri ya samu a gefe. A intanet Taufiq ya tsinci hoton, cikin na bikin kamun kifi, bai kuma taɓa tunanin mai fuskar yana da gida ba.

Ya tambaye ta laifin da takardar ta yi mata.

"Babana ne," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Ya kama ɗaya gefen ya taya ta. Bai ce shi ya yi ba.

Kafin su gama ya ji labarin. Mahaifinta, Malam Usmanu, bai taɓa shiga jam'iyya ba. Tun da fastar ta fito, yara ke binsa da "Sun Yarda", abokansa na ɗaya ɓangaren suka daina cin tuwo da shi, 'yan wannan ɓangaren kuma suna turo mota a kai shi taro. Har majalisar ƙofar gida ya daina fita.

Kafin su rabu Taufiq ya karɓi lambarta. Da yamma ya tura mata saƙo: "Kin isa gida lafiya, Arzikina?"

Ta amsa: "Daga yaga takarda sai arziki? Na isa, Ɗan Birni. Ka wanke hannunka, gam ɗin nan na kamawa."

Hanyar Argungu ta zama tasa. Yana zuwa da kilishi, ta sallame shi da soyayyen kifi, tana yi masa dariyar yadda yake tsoron ƙaya. Kullum sai ya shirya gaya mata gaskiya, sai ta ce, "Mi kaka tunani, Ɗan Birnina?" ya ce babu komai.

Musaddiq ne ya tona shi. Shugaban matasan ɗaya jam'iyyar ne, ya daɗe yana neman Riskuwa ba ta kula shi. Ya gano sunan shagon Taufiq da ƙananan haruffa a gindin fastar, ya kai wa Malam Usmanu har gida. Dattijon ya ce kada Taufiq ya sake taka masa ƙofa.

Saƙonta ya zo gajere: "Ka taya ni yaga ta, alhali kai ka yi ta. Kada ka kira ni."

Bai kira ba, ya tafi da ƙafarsa. Ya tarar da Malam Usmanu a zaure yana gyaran homa, tarun hannu na masunta. Ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ya ce shi girmama Kabawa ya yi nufi, ai shi ma Bakabe ne, a Kebbi aka haife shi.

Dattijon ya ɗago ya dube shi. "Kebbin gwamnati daban, Kabinmu daban. Wagga tsaga ina jinjiri aka yi mani ita, don in na ɓace a san gidanmu. Kai ka maishe ta ƙuri'a."

Taufiq ya ce zai buga wata fastar ya ƙaryata ta farko. Malam Usmanu ya ce ba ya son wata takarda da fuskarsa. In da gaske yake, ya je bakin gulbi ya faɗa da bakinsa.

Ya je. Ya tsaya gaban masunta ya ce shi ya ɗauko hoton ba izini, dattijon bai yarda da kowa ba. Jam'iyyar da yake yi wa aiki ta janye aikinta daga shagonsa tun kafin ya koma Gesse. Musaddiq kuwa ya ɗauki maganar a waya. Ba a jima ba bangon Argungu ya cika da sabuwar fasta ta ɗaya jam'iyyar: fuskar dai ita ce, a ƙasa "Kabawa Sun Ƙi".

Taufiq ya koma zauren Malam Usmanu. Ya zauna kusa da shi. Can ya ce, "Baba, kai me kake so a ce ka ce?"

Malam Usmanu ya aje homar. Ya ce tun da aka fara wannan abu, masu yarda sun zo, masu ƙi sun zo, ba wanda ya yi masa wannan tambayar.

"A ce Usmanu na kamun kifi," in ji shi. Sannan ya ɗaga murya kaɗan wajen cikin gida. "Riskuwa, kawo ma baƙonki ruwa."

Ta kawo, ta dire kofin da ɗan ƙarfi. A hanya saƙonta ya same shi: "Ban huce duka ba, Ɗan Birni. Ka turo manyanka in ƙarasa hucewa a gidanka."

Bayan zaɓe aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Usmanu. Ɓangarorin biyu duk sun zo, kowanne yana cewa bikin nasu ne. Dattijon ya rabu da su. Ya zauna a tsakiyar tsofaffin abokansa, suka ci shinkafa kwano ɗaya. Da aka shafa fatiha ya riƙe hannun Taufiq.

"Ga ɗiyata nan. In za ka yi magana da sunanta, ka tambaye ta tukuna. Allah shi yi muku albarka."

Jama'a suka ce amin.