Hasumiyar da Aka Lulluɓe da Buhuna

Hester ta fara ganin Ewan ne a saman hasumiyar gidansu, kansa ba hular kariya.

"Malam, kai biyu gare ka?" ta ɗaga murya.

Ya leƙo yana dariya. "Ɗaya ne, ranki ya daɗe, shi ma ba ya aiki sosai."

Kakan kakanta ne ya gina hasumiyar a kan tudu don tunawa da matarsa. Ba ɗaki a ciki, matakala ce kawai da iska. Da ta fara tsagewa, mahaifin Hester ya ɗauko Ewan, magini daga can arewa. Shayin da Hester take kai masa ya koma hira, hira ta koma abin da kowa ya gane.

Mahaifinta bai so ba. "Magini aiki yake bi, 'yata. Yau nan, gobe wata ƙasa. Ga Giles, gonarsu na jikin tamu."

Sanyi na shigowa, Hester ta dawo daga birni ta tarar an lulluɓe hasumiyar da buhuna, motar Ewan babu. Giles ya zo da fara'arsa, ya ce yaransa za su ƙarasa da siminti.

Ta rubuta wa Ewan: "Ko sallama?"

Ya amsa: "Sarkin faɗa, na zo ba kya nan. Kwaɓin farar ƙasa da nake ginin da shi ba ya kamawa cikin ƙanƙara, shi ya sa na rufe aikin da buhuna, siminti kuma fasa tsohon dutse yake. Ki hana su. Sai Afrilu."

Ta hana su. Mahaifinta ya ce, "Kuɗin aiki zai dawo da shi, ba ke ba."

Maganar ta zauna mata a rai.

A tsakiyar Janairu, hanya duk ƙanƙara, sai ga motar Ewan a ƙofar gida. Mahaifinta ya fito da sandarsa.

"Yanzu ake gini?"

"A'a, Baba."

"To buhunan ka zo dubawa?"

"Buhuna lafiyarsu lau. Afrilu ce ta yi min nisa."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya matsa daga bakin ƙofa. "Shigo, kana zubar mana da ɗumin gida."

Da sanyi ya wuce aka ɗaura auren Hester da Ewan a ƙaramin cocin ƙauyen. Mahaifinta ya haɗa hannayensu.

"Allah ya zaunar da ku lafiya. Kai kuma, ka zauna."

"Na zauna, Baba."