Saƙon Da Ke Tura Kansa

Sufeto Zaharaddin bai gama karyawa ba aka kira shi zuwa Kurfi. An sace baturan sola a ɗakin ajiyar wata ƙungiyar makiyaya, firji ya mutu, allurar rigakafin shanu duk ta lalace. Makiyayan ƙauyen Wurma sun cika ƙofar, kowa na faɗa.

Ya duba kwaɗon ƙofa. Ba a fasa shi ba.

"Hajiya, su wa ke da makulli?" ya tambayi shugabar ƙungiyar, Hajiya Ikilima.

"Maigadi Ya'u, sai Mutawakkil, mai kula mana da kwamfuta a ofishin Dutsin-Ma."

Ya'u ya rantse bai motsa ba jiya Juma'a. Da Sufeto ya matsa masa, sai ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, na leƙa gona a Rawayau da hantsi. Tsoro ya sa na ɓoye."

Sufeto ya kasa zama. Ya hau mota sai Dutsin-Ma, Hajiya na biye da shi.

Mutawakkil ya tarbe su da fara'a.

"Jiya da hantsi ina nan ofis, Yallaɓai. Daga wannan kwamfutar na tura wa Hajiya rahoton mako ta imel."

"Gaskiya ne," in ji Hajiya. "Bai taɓa fashi ba. Ko ranar sunan 'yarsa sai da rahoton ya iso."

Sufeto ya juyo. "Ranar sunan kina wurin?"

"Tun safe. Shi ma yana tsakar gida yana rabon goro."

Tana faɗa ta juya ta dubi Mutawakkil.

Sufeto ya karɓi wayarta, ya bi saƙonnin. Kowace Juma'a, a minti guda suke shigowa. Ya buɗe fayil ɗin da ke liƙe da na jiya: kwafin na makon jiya ne, ko harafi bai canja ba.

"Buɗe kwamfutar."

Mutawakkil ya buɗe. Sufeto ya sa shi nuna ayyukan da aka saita wa lokaci. Ga shi nan, ɗan umarni da ya rubuta wa na'urar: ta ɗauki fayil, ta liƙa a imel, ta tura wa Hajiya, ko da kowa ko babu.

"To, kwamfuta tana ofis. Kai kana ina?"



"Kurfi. Baturan suna shagon cajin wayata. Wallahi ban zaci allurar za ta lalace da wuri haka ba."

"Da ka bari an ɗaure Ya'u kenan?" in ji Hajiya.

Bai dube ta ba. Da aka sa masa ankwa za a fita da shi, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Hajiya, a kashe kwamfutar. In ba haka ba, Juma'a mai zuwa ma za ki ga saƙona."