Zaren Kaset a Gonar Auduga

Da hantsin Litinin Baba Adebayo ya shigo ofishin 'yan sanda na Funtua, ya zauna gaban Sufeto Ubaidullahi ba tare da an ba shi kujera ba. Tsoho ne mai gyaran rediyo, haifaffen garin, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan.

"Yallaɓai, an sace mini muryar matata."

Sufeto ya ajiye biro. Shekara ashirin yana aiki, an kawo masa ƙarar akuya da babur da buhun masara, amma ba a taɓa kawo masa ta murya ba.

Tsohon ya yi bayani. A shekarun saba'in suna da ƙungiyar kiɗa, Zakarun Funtua, masu kiɗan fonk da sol irin na baƙaƙen Amurka. Shi ke kaɗa jita, matarsa Bridget ke waƙa. Sun yi wasa daga Kaduna har Jos, amma sau ɗaya tak aka ɗauki waƙoƙinsu a faifai, a Legas, a 1978. Faya-fayan garmahon da aka buga duk sun ƙare. Abin da ya rage shi ne faifan asali, mai naɗaɗɗen zare irin na kaset amma ya fi faɗi. Bridget ta rasu bara. Ranar Alhamis wani kamfani zai zo ya kwafe waƙoƙin ya sa su a intanet, sai ga shi jiya, yana coci, faifan ya ɓace.

A shagon tsohon, Sufeto ya duba kwaɗon akwatin ƙarfen da ake ajiye faifan. Lafiyarsa ƙalau. Ga rediyoyi, ga jita, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Baba, ina kake ajiye mabuɗi?"

"Cikin tsohuwar gangar can. Al'adarmu ce tun muna yawon kiɗa."

"Wa ya san haka?"

"Mu uku da muka rage. Ni, da Abdulmutallib mai ƙaho, da Mahadi mai ganga."

"Mahadin shi ya yi kiɗan da ke faifan?"

"Shi ne," in ji Baba Adebayo, da sauri fiye da yadda tambayar ta buƙata.

Sufeto ya nufi Malumfashi. Ya tarar da Malam Abdulmutallib kwance a zaure, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi wata shida. Wannan ko tabarmarsa ba zai iya sacewa ba. Amma bakinsa na aiki, har ya yi yawa.

"Mahadi ai a dandali ba shi da na biyu," ya ce yana dariya. "Amma da aka rufe mu a ɗakin ɗauka, aka kunna jar fitila, sai hannunsa ya kama rawa kamar mai zazzaɓi. Sau tara ana sakewa."

"Daga nan fa?"

Tsohon ya farga ya yi suɓutar baki. "Daga nan ya yi kiɗansa mana. Ni tsufa ya cinye mini tunani, Sufeto."

Sufeto bai matsa ba. Ya lura dai tsufan bai hana shi tuna sau tara ba.

Alhaji Mahadi dillalin takin zamani ne a kasuwa. Duk Funtua an san shi da labari ɗaya: shi ya yi kiɗan da Turawan kamfanin faifai na Legas suka miƙe tsaye dominsa. Jikokinsa sun haddace shi kamar karatun allo.

"Alhaji, ina kake jiya da safe?"

"Ina gonata a Ƙarfi. Rabona da shagon Adebayo tun azumi."

"Mu je in ga gonar."

Fuskar Alhaji ta ɗan canja, amma ya shiga mota. Sufeto ya biya ya ɗauki Baba Adebayo.

An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo. Tun daga nesa suka hango zare mai ruwan ƙasa an ɗaɗɗaure shi a sanduna, ya ratsa gonar daga wannan kunya zuwa waccan, yana walƙiya yana kuka cikin iska. Manoma kan yi haka da zaren tsohon kaset don korar tsuntsaye, ba wanda zai waiwaya.

Amma Sufeto ɗan manomi ne. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Alhaji, me ka shuka a nan?"

"Auduga."

"Tun yaushe tsuntsu ya fara cin auduga?"

Ya kamo zaren ya ɗora a yatsa. Ya ninka na kaset faɗi. Ruwa da rana sun riga sun ci shi, baƙin jikinsa na barewa yana manne wa hannu.

Alhaji Mahadi ya tsuguna a kunya, babbar rigarsa cikin taɓo.

"Na kasa ƙona shi," ya ce. "Da muryar Bridget a ciki. Amma a farkon faifan akwai inda mai ɗauka ya ce a fitar da Mahadi, a kira wani. Wani ɗan Legas ne ya yi kiɗan, ina waje ina kuka. Shekara arba'in da wani abu ina ƙarya. Jikokina za su ji a waya, Sufeto."

Baba Adebayo ya daɗe yana kallonsa. Sufeto, da ya saba ganin gawa, sai da tausayin Baba Adebayo ya kama shi.

"Mahadi," in ji Baba Adebayo a hankali, "wannan wurin babu shi. Tun a Legas Bridget ta sa na yanke shi da reza. Ta ce kada kowa ya taɓa jin an kore ka."

Alhaji ya dafe kai da hannu biyu.

Sufeto ya kama hannunsa ya miƙar da shi. Bai sa masa ankwa ba, bai ga amfaninta ba. Da suka kai mota ya juya zai kira Baba Adebayo, sai ya gan shi tsakiyar auduga, ya tsinci kara, yana bin sandunan ɗaya bayan ɗaya yana naɗe zaren a hankali kada ya tsinke.

Sufeto ya kashe mota ya jira shi.