Jitar Da Ya Baha Ya Bari

A shagon Oga Boniface, mai sayar da kayan kiɗa a Sabon Gari, Ni'ima ta fara ganin Mala. Ta shigo rungume da jita mai lantarki naɗe cikin zani, shi kuma yana duƙe yana gyaran lasifika.

Jitar ta yayanta ce, Bahauddeen, wanda ya rasu bara a hatsarin mota. Tun ranar Ni'ima ba ta zubar da hawaye ba. Tana ci, tana zuwa makaranta, tana amsa gaisuwa, amma ba daɗi ba zafi. Inna har rubutu ta karɓo mata, a banza.

"Malam, na'urar da ke fito da muryarta nake so," ta ce, ta nuna wadda ta fi duka girma.

Mala ya yi dariya. "Hajiya, wannan ai ta coci ce. In kika kunna ta a Fagge, har 'yan unguwar Bata sai sun toshe kunne. A ɗaki za ki riƙa kaɗawa?"

"Ban iya ba. Ji kawai nake so in yi."

Dariyar ta ɗauke. Ya jawo wata ƙaramar amfilifaya, ya nuna mata 'yan kwalabe na gilashi a bayanta.

"Tsohuwar yayi ce, amma ta fi na zamani taushin murya, kuma daidai ɗaki take. Sai dai in kin kunna ba ta magana nan take, sai kwalaben sun ɗau zafi sun yi ja."

Ya karɓi lambarta, wai ko na'urar za ta ba da matsala. Dabarar samari dai ba ta ƙarewa.

Ƙarƙashin gado ta tura kayan. Baba bai taɓa son jitar nan ba. Ya Baha ma ƙofa yake rufewa ya kaɗa ta ba lantarki, ƙasa-ƙasa.

Saƙonnin Mala suka fara shigowa, daga "Kin kunna ta?" har ranar da ya rubuto: "Ni'imata, ina sonki, kuma da aure."

Ta amsa: "Ba zan yaudare ka ba. Ba na ƙinka, ba na sonka. Ba na jin komai ne."

"Na ji. Ina nan."

Ran nan ta biya ta shagon, ta tarar da Chidinma, 'yar Oga Boniface, tana zuba wa Mala abinci suna ta dariya. Ta juya ko sallama babu. Sai a cikin adaidaita ta lura wani abu na sukar ƙirjinta. Ta ƙi amsa kiransa har ya rubuto:

"Chidinma aure za ta yi wata mai zuwa, ni zan haɗa musu lasifika. Amma wallahi fushin nan ya yi mini daɗi."

"Ɗan rainin hankali," ta ce a fili, ta sake karantawa.

Da Inna ta kai wa Baba maganar neman auren Mala, bai bari ta ƙarasa ba.

"Kiɗan da na hana ɗana, gidansa zan kai 'yata? Kada in sake ji."

"To, Baba," in ji Ni'ima, fuskarta ko gezau. Wannan "to" ɗin ya fi tsorata Inna.

Wata Asabar bayan la'asar ta jawo kayan, ta jona, ta taɓa tsirkiya. Shiru. Ta manta da zancen zafi, ta ɗauka ta lalace. Inna ta ƙwala mata kira, ta fita ta bar ta a kunne.

Baba ya leƙo nemanta, ya ga jitar a kan tabarma. Ya duƙa ya shafa tsirkiyoyin da yatsa, a zatonsa 'yar ƙarar nan da ya saba ji ta bayan ƙofa zai ji. Kafin nan kuwa kwalaben sun yi jawur. Murya mai kauri da taushi ta cika gidan.

Ni'ima ta rugo, ta same shi zaune a ƙasa da jitar a cinya, gemunsa a jiƙe.

"Ashe haka muryarta take?" ya ce. Ya ɗago ya dube ta. "Ki ce wa yaron ya turo magabatansa."

Ranar kai amarya gwaggonni suka yi ta tsegumi, wai ga amarya ido a bushe. Aka durƙusar da ita gaban Baba don nasiha. Maimakon dogon jawabi, sai ya miƙo mata jitar cikin zanin nan.

"Tafi da ta yayanki, ku ji ta da ƙarfi. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Ta rungume ta. "Ya Baha," ta ce, sai kuka ya ƙwace mata, kukan da aka jira tun bara. Gwaggonni suka ce kukan amarya ne, Inna ta ce a ƙyale ta.

A mota saƙo ya shigo: "Amaryata, an ce kin cika Fagge da kuka."

Da ƙyar take ganin haruffan, amma ta rubuta: "Ina sonka, Mala. Yanzu ina ji."