Gilashin Jannatu a Ƙasan Adaka

Ranar Alhamis da hantsi, ana gobe za a kai Jannatu ɗakin mijinta, gidansu na Fammar ya cika maƙil da mata, wasu na daka wasu na suya. Mahaifiyarta, Inna Jumai, ta yafito ta cikin ɗaki, ta saki labule, ta miƙa mata tafin hannu.

"Ba ni gilashin nan."

Tun Jannatu tana aji biyu a sakandare wata malama ta lura ba ta ganin rubutun allo, aka kai ta asibiti aka yanka mata gilashi. Abin da ke kusa tana ganinsa tar, amma duk abin da ya wuce taku biyar zuwa shida sai ya koma dishi-dishi, mutum da kututture duk ɗaya. Ko a lokacin ma Inna ba ta yarda ta sa shi a waje ba, daga aji sai ƙuryar ɗaki. Inna kuwa tana da dalilinta. Kakan su Jannatu ya makance kafin ya rasu, kuma a kan wannan aka fasa auren yayarta Ramlat bayan an kawo lefe, dangin mijin suka ce makanta gado ce. Akwatunan nan da aka zo aka kwashe a gaban maƙwabta har yau suna ci wa Inna rai.

Jannatu ta roƙe ta, ta ce Munzali ba irin waɗancan ba ne, in ta gaya masa zai fahimta. Inna ta ce namiji ba ɗan goyo ba ne, kuma ko shi ya fahimta ai yana da iyaye. Ta naɗe gilashin a tsumma, ta tura shi can ƙasan adakarta, ta kulle.

"Ki saurare ni da kyau. In kika buɗe baki kika faɗa wa mijinki ko wani nasa, ban yafe miki ba."

To, wace 'ya ce za ta ji wannan kalma daga bakin uwa ta sake motsi? Haka aka kai Jannatu Madachi da ido biyu manya tubarkalla, ba wanda ya san rabin duniya a rufe take gare ta.

Munzali manomin albasa ne, yana kuma taɓa gyaran injin ban ruwa. Son Jannatu yake kamar ya haɗiye ta. Duk zaman zancen da suka yi a kan tabarma ɗaya suka yi shi, shi ya sa bai taɓa lura da komai ba. Watannin farko ma kunyar amarci ta rufa mata asiri, don amarya kanta a ƙasa yake, ba mai tsammanin ta hango kowa. Ta haddace gidan da ƙafa, ta san taku nawa ne daga ɗakinta zuwa madafa. Ciwon kai ne dai ba ya barinta saboda yawan ƙanƙance ido, Munzali ya yi ta sayo mata fanadol yana tsokanarta wai tunaninsa ne ya yi mata yawa.

Da amarci ya ƙare sai abu ya fara fitowa. Wata rana surukarta, Iya Lami, tana lazimi a bakin ɗakinta, ba halin magana, ta ɗaga hannu ta yafito ta daga can ƙarshen tsakar gida. Jannatu ta dubi wajen sosai, ta juya ta shige ɗaki. Iya ta haɗiye abin. Bayan kwana kaɗan aka ci karo da tsakuwa a shinkafar da Jannatu ta dafa, har sau biyu, don ciwon kai ya hana ta tsincewa da kyau. Wannan ma aka ce yarinta ce.

Babbar ta faru ne ranar da ta je barkar haihuwa. Surukinta, Malam Sallau, yana zaune a dakalin ƙofar masallaci da abokansa, ita kuma ta biyo ta ɗaya gefen hanya. Ta ɗago kai ta kalli wajensu, ta wuce abinta, ko rusunawa babu. Wani tsoho a cikinsu ya yi dariya ya ce ashe surukar Malam 'yar boko ce, sai an cike fom kafin ta gaida mutum. Malam Sallau mutum ne mai kawaici, amma maganar ta soke shi.

Da Munzali ya tambaye ta, ta rantse ba ta gan shi ba. Wannan rantsuwa ita ta ƙara ɓata lamarin. Iya Lami ta ce ƙaton mutum da farar riga da rana tsaka a ce ba a gan shi ba, wannan ai raini ne aka haɗa da ƙarya. Jannatu ta durƙusa ta ba da haƙuri, hawaye na zuba, amma ba dama ta faɗi abin da zai wanke ta.

Ta kira Inna a waya tana kuka, ta ce don Allah ta janye kalmar nan, aurenta na neman mutuwa. Inna ta ce ta daure, da zarar ta haihu ba mai iya fitar da ita. Sai ta ba ta dabara, ta ce duk wanda ta hango da babbar riga ta durƙusa ta gaishe shi, ai gaisuwa ba ta yin yawa.

Kaico, dabarar nan ita ta ƙarasa ta. Ranar wata Laraba ta fito za ta gidan kitso, ta hango farar riga a gindin darbejiya, ta zube har ƙasa tana "Barka da hutawa, Baba." Ashe wani mai tallan gwanjo ne da ba a ma san daga inda ya fito ba. Malam Sallau kuwa yana tsaye a ƙofar shagon tela, taku ashirin daga wurin, yana kallo. Ta miƙe ta wuce shi ko waiwaye babu. Kafin la'asar duk unguwa ta ɗauka, ana cewa matar Munzali ta mai da surukinta abin wasa.

Malam Sallau ya kira ɗansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai san abin da suka yi wa yarinyar nan ba, amma zama da wanda ba ya ƙaunar ganinka azaba ne ga kowa. A mai da ita gidansu ta huta sati biyu. In ta faɗi laifinsu za su gyara, in kuma ba ta son zama da su ne, to Munzali ya sauwaƙe mata.

Munzali ya goya ta a babur har Fammar. Duk tsawon hanyar yana roƙonta ta gaya masa ko kalma ɗaya ce, ita kuwa sai kuka take a bayansa har ta jiƙa masa riga. Ya ce mata shi ya kasa gane ta, a ɗaki ba wadda ta fi ta ladabi, a waje kuma kamar an canja ta. Ya sauke ta ya juya, zuciyarsa kamar ta fashe.

Sati biyu Jannatu ta yi a gida, ta rame ta yi zuru-zuru. Inna na ganin haka, hankalinta a tashe, amma tsoron abin da ya sami Ramlat ya hana ta buɗe adaka. Ga 'yarta na narkewa a gabanta, ga maganin a ƙarƙashin gadonta. Su biyun kowa na kuka a ɓoye, an rasa mai ceton wani.

Ranar da wa'adin da Malam Sallau ya ɗiba ya cika, Munzali ya taho jin amsa ta ƙarshe. Tayar babur ɗinsa ta yi faci a bakin gari, ya bar shi wurin mai faci ya ƙaraso da ƙafa. Ya tarar da Jannatu a ƙofar gida tana shanya barkono a kan buhu. Ganin yadda ta lalace ya sa ya kasa ko sallama, ya tsaya can nesa yana kallonta kawai. Ta ji alamar mutum, ta ɗago, ta dube shi ido cikin ido, ta gyara mayafi.

"Sannu Malam. In mai gidan kake nema, ya tafi kasuwar Kibiya."

Munzali ya fara takowa a hankali yana duban fuskarta. Taku biyar, ba ta gane shi ba. Taku goma, ta ƙanƙance ido tana ja da baya. Sai da ya zo dab da buhun barkonon sannan fuskarta ta canja gaba ɗaya, ta dafe ƙirji.

"Jannatu," ya ce, "ba kya gani daga nesa, ko?"

Ta toshe bakinta da hannu biyu, hawaye na bin yatsunta.

"Shi ke nan, kada ki ce komai. Ba ke kika faɗa ba, ni na gani da idona."

Inna Jumai tana cikin zaure, duk ta ji. Ta fito ba ko takalmi, ta ce laifin nata ne, ita ta ɗaure bakin yarinyar, ta ba shi labarin Ramlat da akwatunan da aka kwashe. Munzali ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ai ni Jannatu na aura. Ko da makauniya ce ni zan zama ɗan jagoranta." Inna ta shiga ta ɗauko tsumman nan, ta ce ta janye kalmarta duniya da lahira.

Washegari Munzali ya kai Jannatu sashen ido a asibiti a Rano, har da Inna. Aka yi mata gwajin ido, aka ce tsohon gilashin ya yi mata rauni, za a yanka sabo. Wata ma'aikaciya ta zaunar da Inna ta yi mata bayani, ta ce rashin hangen nesa ba makanta ba ne, kuma gilashi ba ya cinye ido kamar yadda ake faɗa. Da ta ji yadda idon kakan ya yi fari kafin ya daina gani, ta ce da alama yanar ido ce, wadda yanzu aiki ake yi a cire mutum ya koma gani. Ta ce a riƙa kawo Jannatu awo duk shekara, kuma kada a ɗiga mata komai a ido sai da izinin likita. Inna ta yi tagumi tana jin yadda tsoron banza ya kusa cinye mata auren 'ya ta biyu.

Da labari ya isa Madachi, Iya Lami ta yi ta salati tana neman gafarar Allah a kan zato. Ranar da Jannatu ta dawo da sabon gilashinta, tun daga bakin layi ta hango Malam Sallau a zaune a dakalin masallaci, ta ga furfurar gemunsa da carbin hannunsa, abin da ba ta taɓa gani daga nesa ba. Ta sauka daga babur ta nufe shi za ta durƙusa, sai tsohon ya riga ta miƙewa, a gaban duk abokansa.

"Tashi, 'yata. Wata nawa kina tafiya a duhu cikin gidana, ni kuma ina zaune ina jiran gaisuwa. Ke za ki yafe mini."

Jannatu ta fashe da kuka, har sai da ta cire gilashin ta goge. Haƙurinta da biyayyarta ba su faɗi ƙasa banza ba. Amma iyaye, a ji tsoron Allah. Lalurar ido ba abin kunya ba ce, asibiti ake kai ta, ba ƙasan adaka ba. Wanda kuma aka wuce bai samu gaisuwa ba, ya bincika kafin ya yanke hukunci, don wataƙila ba a gan shi ba ne da gaske.